Agogon auna lafiya daga waje: kafin ka tura kuɗinka

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina da shagon kayan waya a Adum, nan Kumasi, a Aboabo nake zaune. Kwanan nan masu saye na yawan tambayata agogon hannu mai auna bugun zuciya da hawan jini, wasu har da suga. Na ga na China masu araha a intanet, na ga na Amurka masu tsada. Akwai kamfanin da ke ba mutum adireshi a can, ka saya a kai musu, su kuma su turo maka Ghana. Ina so in sa sidi 15,000 in saro. Me za ku ba ni shawara?

Wa alaikumus salam, Malam. Kasuwar akwai ta, tunda har masu saye ne ke zuwa da ƙafarsu suna tambaya. Amma cire maganar suga daga lissafinka tun yanzu. A watan Fabrairun 2024 hukumar abinci da magunguna ta Amurka ta fito fili ta gargaɗi jama'a cewa ba ta amince da wani agogo ko zobe da ke cewa yana auna sugan jini ba tare da an huda fata ba. Duk wanda ka gani an rubuta haka a kwalinsa, lamba kawai yake nunawa. Ka yi tunanin dattijuwa mai ciwon suga daga Asawase ta saya a hannunka, agogo ya ce mata sugarta lafiya, ta daina shan magani. Ranar da aka kwashe ta zuwa asibitin Komfo Anokye, 'ya'yanta ba China za su je ba, shagonka suka sani. Babu ribar da za ta biya wannan.

Hawan jini ma sai ka yi hattara. Ko agogon Samsung da ke da wannan aikin sai an daidaita shi da na'urar awo ta damtse duk bayan mako huɗu, kuma da wayar Galaxy yake aiki. To ina ga wanda ba a san ma kamfanin da ya ƙera shi ba? Abin da waɗannan agoguna suka iya shi ne ƙirga taku, bugun zuciya, da kimanta barci. A haka za ka sayar da su. Awon iskar jini kuwa, wanda ake yi da haske ta fata, wani bincike na Jami'ar Michigan a 2020 ya nuna na'urorin yatsa na asibiti ma sun fi yin kuskure a kan baƙar fata, balle na hannu. Wannan mu ya shafa kai tsaye.

Akwai kuma doka. Da zarar ka tallata abu a matsayin na'urar asibiti, ya shiga hannun FDA, hukumar abinci da magunguna ta Ghana, ƙarƙashin dokar lafiyar jama'a ta 2012, kuma sai an yi masa rajista. Kayan da ke aiki da Bluetooth kuma NCA, hukumar sadarwa ta ƙasa, ce ke amincewa da samfurinsu. Mai sayen guda ɗaya don kansa ba kasafai yake jin wannan ba. Kai da za ka shigo da kwali guda don sayarwa, ka tambayi ejan da zai fito maka da kaya daga kwastan tun kaya ba su taso ba.

Yanzu kamfanin turo kaya. Abin da mutane da yawa ba su gane ba shi ne, shi ɗan dako ne, ba mai sayarwa ba. A wurin shagon da ka saya, ciniki ya ƙare ranar da kaya suka isa siton kamfanin turo kayan a Delaware ta Amurka ko Guangzhou ta China. Daga ranar kwanakin mayar da kaya suka fara ƙirguwa. Kafin a tara kayanka da na wasu, a sa a jirgi, a fito da su a Accra, a ɗoro su a mota zuwa Kumasi, sau da yawa wa'adin ya wuce ko yana dab da wucewa. Ka buɗe ka ga ba ya kunnuwa, kuɗin mayar da shi ya kusa kuɗinsa. Garanti kuma galibi na ƙasar da aka saya ne. Saboda haka ɗan kuɗin da sito ke caja don su buɗe kwali su ɗauko maka hoto, in sun yarda ma su kunna, shi ne kuɗi mafi amfani da za ka kashe a duk harkar. Ba a cinikin biri a sama.

Ka tambaye su, kuma amsar ta zo a rubuce: suna ɗaukar kaya masu batir? Duk waɗannan agoguna batirin lithium ne a cikinsu, kuma jiragen sama na da ƙa'ida a kansa. Wanda ke cikin na'ura ana ɗauka bisa sharaɗi, amma wasu kamfanonin suna ware shi su sa masa farashi daban, wasu ba sa taɓa shi sam. Kada ka bari sai kaya sun isa sito ka ji wannan, don kuɗin ajiya zai fara hawa kanka.

Sai nauyi. Ba sikeli kaɗai suke dubawa ba, suna auna girman kwali, su ɗauki wanda ya fi yawa. Ana ninka tsawo da faɗi da tudu a santimita, a raba da 5,000, wasu da 6,000. A ce kwali mai 30 da 20 da 15 ne: 9,000 kenan, ka raba da 5,000 ya ba ka kilo 1.8, alhali abin da ke ciki bai kai kilo ɗaya ba. Kuɗin iska ka biya. Za ka iya cewa su cire kwalin waje su matse kayan, amma su bar ƙaramin kwalin kowane agogo, domin ka fi ni sanin mai saye a Adum: in babu kwali, ya ce tsoho ne, ya rage maka kuɗi.

Kwastan kuma ba a kan kuɗin saye kaɗai suke lissafi ba. Kuɗin kaya ne, da na dako, da na inshora, a haɗe, a kansu ake ɗora kuɗin fito, sannan VAT kashi 15, da harajin inshorar lafiya (NHIL) da na asusun ilimi (GETFund) kashi 2.5 kowanne, da wasu ƙanana. Wani kamfanin farashinsa na kilo ya haɗa har da fito, wani kuma sai kaya sun sauka ya kira ka. Ka san wanne ne naka. In aka ce maka za a rage kuɗin da ke kan rasit don fito ya yi sauƙi, ka tuna in kayan suka ɓace, a kan wannan ƙaramin kuɗin za a biya ka, in ma an biya, ban da tarar da ka iya biyo baya.

Na Amurka masu tsada, ni ban ga dalilin da za ka zuba jarinka a ciki ba sai mai saye ya ba da kafin alƙalami. Zoben Oura, misali, bayan kuɗin saye akwai kuɗin wata-wata, kuma sai mutum ya fara gwada zoben awo ya san girman yatsarsa, wato dako biyu kenan. Whoop, wani abin awon lafiya da ake ɗaurawa a hannu, ba ya aiki sai da kuɗin zama mamba. Wasu ayyukan, kamar awon zuciya na ECG, ba a kowace ƙasa ake buɗe su ba. Har Apple ma, daga Janairun 2024 ya ɗauki tsawon lokaci yana sayar da agogunansa a Amurka babu awon iskar jini saboda shari'arsa da kamfanin Masimo. Wanda ya sayo ta adireshin Amurka a lokacin, irin wannan ya samu.

Da ni ne, ba zan wuce kashi ɗaya cikin biyar na kuɗin nan a zuwan farko ba. Samfuri biyu ko uku, kaɗan-kaɗan, ta jirgin sama. Ka ɗaura ɗaya a hannunka mako biyu, ka yi alwala da shi in an ce ba ya jin ruwa, ka ga kwana nawa caji ke yi, ka gwada manhajarsa a Tecno da Infinix da itel, don su ne a aljihun yawancin mutanenka. Ka je kemis a auna ka da na'urar damtse, ka kwatanta. Wanda ya ci jarrabawa shi za ka saro. Kuma ga wanda da gaske hawan jini ke damunsa, na'urar damtse irin ta Omron ce maganarsa. Ita ka neme ta wurin dillalan da suka riga suka yi rajista a nan gida, ka huta da takardu.

Farashi kuma kada ka yanka shi a kan dalar ranar da ka saya. Ka tuna 2022, da dala ta tashi daga wajen sidi 6 ta haura 14 cikin shekara ɗaya, sannan a 2025 ta sauko daga wajen 15 zuwa kusan 10 cikin 'yan makonni, waɗanda suka cika shago da kaya masu tsada suka rasa yadda za su yi. Ka lissafa abin da kowane agogo ya tsaya maka a shago, har da kuɗin mota daga Accra, ka ware kuɗin guda ɗaya cikin goma don waɗanda za a dawo maka da su, sannan ka ɗora ribarka. In bayan haka farashinka ya fi na maƙwabtanka masu sayar da kayan waya a PZ, nan Adum, saro a wurin manyan dillalan Accra ya fi maka wannan hanya.