Ku Tambaya Mu Amsa: Hoton Ofis, Tsoho da Sabo

Salamu alaikum jama'a. Saƙonnin wannan makon kusan duk a kan abu ɗaya suka taru, ɗaukar hoton gine-gine, to na tsinto huɗu, sauran ku yi haƙuri sai wani jiƙon.

TAMBAYA: Malam barka da aiki. Ni dai duk sanda na ɗau hoton bene da wayata sai ya fito kamar zai kwanta ta baya, ƙasa faɗi sama tsukakke, alhali ginin a miƙe yake. Wayar ce ta samu matsala ko hannuna ne? Daga wani mai karatu a Jekadafari, Gombe.

AMSA: Ɗan'uwa wayarka lafiyarta ƙalau, kar ka kai wa mai gyara ya ci kuɗinka a banza. Abin da ke faruwa shi ne ka matso gindin ginin sosai, sai ka ga saman bai shigo ba, sai ka ɗaga kan wayar sama, to da zarar ka karkata ta shikenan layukan bango sun fara haɗuwa ta sama. Maganin ka ja da baya, in ta kama ka tsallaka titi ma, ka riƙe wayar a tsaye cak kamar ka jingina ta da bango, ka danna 2x in wayarka na da shi, amma 0.5 ɗin nan da samari ke so ka rabu da shi, shi ke lanƙwasa gini kamar ayaba. Akwai layukan raga a saitin kyamara, ka kunna su ka daidaita kusurwar ginin da layi ɗaya. Za ka ga kwalta ta cinye rabin hoton, ba komai, ka yanke daga baya. In akwai bene a tsallake kuma masu shi sun yarda ka hau hawa na ɗaya ko na biyu, nan ne ma ya fi. Kuma dan Allah a dinga goge idon kyamara da gefen riga, rabin hotunan da ake turo min ba hazo ba ne, maiƙon ƙosai ne.

TAMBAYA: Malam ina wuni. Ɗaliba ce ni, ina karatun zanen gine-gine a Jami'ar Abubakar Tafawa Ɓalewa (ATBU) da ke Bauchi, an ba mu aikin kwatanta tsohon ofis da na zamani a Bauchi da hotuna. Wallahi na rasa ta ina zan fara, ni duk ofis ofis ne a idona.

AMSA: Ƙanwata kin taɓo inda yake min ƙaiƙayi, sai ki gyara zama. Ki fara cire wa ranki cewa ofis da Bature ya zo, domin tun da Malam Yakubu ya kafa garin Bauchi wajen 1809 a zaure da soron fada ake mulki, nan ake shari'a nan ake rubuta wasiƙa, saboda haka hotonki na farko na ginin ƙasa ne. In kina da hali ki shiga mota zuwa Kafin Madaki a Ganjuwa ki ga gidan Madaki da shahararren maginin gargajiyan nan Babban Gwani ya gina, yana cikin wuraren tarihi da gwamnatin tarayya ta keɓe. In kin shiga kar ki tsaya ɗaukar ƙofa kawai, ki ɗaga kai ki ga bakan gizo da yadda aka jera azara, ki sa hannu ki auna kaurin bangon a bakin ƙofa, ki ɗau hoton hannun naki a jikinsa don mai kallo ya gane kaurin. A waje kuma zanko da indararo.

Sai na biyu, kuma wallahi su na fi jin tsoron ɓacewarsu, gine-ginen zamanin En'e da bariki, irin su baitulmali da ofishin Di'o da tsofaffin kotuna da tashar jirgin ƙasa (jirgi ya iso Bauchi a 1961, ya kai Gombe a 1963). Ba su da ado, shi ya sa ba wanda ke kula su, amma ki tsaya ki duba, rufin kwano mai tsayi da ya zarce bango, baranda doguwa a gaba, tagogin katako masu fiffike suna kallon juna don iska ta ratsa, wani wurin gindin bangon ma dutse ne. Mutanen nan ba su da AC ba su da janareta, ginin da kansa aka ɗora wa aikin sanyaya mutum. Ki shiga irin wannan barandar da azahar a watan Afrilu sannan ki faɗa min.

Daga 1976 da aka ƙirƙiro jihar Bauchi, shekarar da aka yi wa ƙananan hukumomi garambawul En'e ta kau, sai zamanin siminti ya shigo da ƙarfinsa, sakatariya da ma'aikatu da bankuna, benaye masu bulo mai huji-huji da faffaɗan siminti da ke fitowa saman taga yana tare rana. Su ma da hankali aka yi su. Gombe kuwa sai 1996 ta zama jiha, shi ya sa manyan ofisoshinta da yawa suka fi na Bauchi ƙuruciya. Na yanzu kuma kin san su, gilashi shuɗi da farantan alminiyom, da daddare kyau kamar a Dubai, amma ranar da aka ɗauke wuta dizal ya ƙare ma'aikata a gindin darbejiya za ki same su da fayil a cinya. Ra'ayina ne wannan, in malaminki bai yarda ba kar ki ce ni na aike ki.

Batun haske kuwa, kafin ki ɗau ko hoto ɗaya ki gano ina fuskar ginin take kallo. Mai kallon gabas da safe ake zuwar masa, ƙarfe 7 zuwa 9, mai kallon yamma bayan la'asar. Ga wani abu da da yawa ba su lura ba, a nan wajenmu daga Oktoba zuwa Fabrairu rana ta kudu take bi, bangon da ke kallon arewa ba ya samun ta ko kaɗan, sai a Mayu da Yuni da Yuli take komawa ta arewa. Na taɓa yin sati ina sintiri wajen wani tsohon ofis a Disamba ina jiran rana ta haska fuskarsa, ashe jiran gawon shanu nake. Ginin ƙasa da na dutse suna son hasken da ke zuwa ta gefe, shi ke fito da shafen hannun magini. Na gilashi kuwa sama yake kwafa, in hazon hunturu ya rufe sai ya fito fari fat ba armashi, ki bari sai damina da hadari, ko daf da magariba in an kunna fitilun ciki sama ba ta gama duhu ba, kuma minti 15 zuwa 20 ne kawai, sai ki shirya da wuri. Kowane gini ki yi masa uku aƙalla, gaba ɗayansa, kusurwa, sai abu ɗaya na kusa kamar sakata ko allon da aka rubuta shekarar buɗewa. In masinja ya gifto da kekensa ko mai shayi na bakin get kar ki jira su wuce, da su ake gane girman ginin, ki dai nemi yardarsu.

TAMBAYA: Malam mai gadi ya taɓa ƙwace min waya don na ɗau hoton wani ofishi daga titi. Yana da wannan ikon? Daga Wunti, Bauchi.

AMSA: Abokina ni ma an taɓa zaunar da ni a benci kusan awa biyu a wata ma'aikata da ba zan faɗi sunanta ba, sai da na goge hotuna shida a gabansu. Barikin soja da ofishin 'yan sanda da gidan yari da duk inda ka ga buhunan yashi, ka bar wayarka a aljihu kawai, wuraren tsaro doka ta hana, kuma jihohinmu sun ga tashin hankali, mai gadin ba da mugunta yake yi ba. Banki ma ka bar wayar a aljihu. Sauran ofisoshi kuwa ka fara da sallama, ka gaisa da na bakin get, ka faɗi abin da ya kawo ka, in ya ce sai oga ka rubuto takarda ka kawo da katin shaidarka. Jirgin nan mara matuƙi shi kam sai da izinin hukumar kula da sufurin jiragen sama ta NCAA, kar ka ɗaga shi kan ginin gwamnati don ganin dama.

TAMBAYA: Ɗana, ni tsohon akawu ne, na yi ritaya a Gombe. Ina da hotuna baƙi da fari na ofishin da na fara aiki, yanzu na ji za a yi masa kwaskwarima. Jikana ne ya rubuto min wannan. Yaya zan adana su?

AMSA: Baba Allah ya ƙara lafiya da nisan kwana. Abin da ke hannunku ya fi duk abin da na faɗa a sama, domin kwaskwarimar yanzu in aka lulluɓe gini da alminiyom aka toshe baranda aka mai da ita ofis, ko ku da kuka yi shekaru a ciki sai kun tambaya. Ku tura jikan nan gobe-gobe kafin a kafa katakon magina, ya tafi da tsohon hoton a hannu, ya nemi daidai inda mai hoton farko ya tsaya ya ɗauko sabo daga nan, ya zagaya baya da gefe da cikin baranda. Tsofaffin kuma kar a yarda a manne su da leda mai zafi irin ta satifiket, tana lalata su kuma ba ta ciruwa. Ya shimfiɗa kowanne a inuwa kusa da taga, ya kashe filasha, ya ɗauka daga sama a miƙe, in zai tura ta WhatsApp ya tura a matsayin fayil don kar ya dusashe. Sannan ku zauna da shi bayan isha'i da fensir, ba biro ba don tawada na huda takarda, kuna faɗa yana rubutawa a bayan kowanne, wane ofis ne, wace shekara, ƙofar wa ce ta hagu, su wa ke tsaye. In ya gama ya turo mana kofi biyu, tsohon da sabon, za mu buga su gefe da gefe in kun amince.