Me ya sa tsofaffin shagunan ƙananan garuruwan Amurka suke kama da juna?

Tambaya: Malam na lura a hotunan ƙananan garuruwan Amurka babban titin kasuwa kusan duk iri ɗaya ne, gine-ginen jan bulo manne da juna, shago a ƙasa bene a sama. Wai mutum ɗaya ne ya zana musu?

Amsa: A'a ko kaɗan, tsadar fili ce da gobara da jirgin ƙasa suka haɗu suka yi wannan aikin. Bakin titi shi ne wurin kuɗi, to sai aka riƙa yanka fuloti siriri, yawanci faɗin ƙafa 25 amma ya miƙe can baya, don kowa ya samu ƙofa a titi, sau da yawa ma bango ɗaya ne tsakaninka da maƙwabcinka. Saman kuma ofishin lauya ne ko likitan haƙori ko iyalin mai shagon.

Da farko ma da katako suke gini, wuta ta dinga cinye layi guda a dare ɗaya, ga kuma ta Chicago a 1871 da ta tsorata kowa, garuruwa da yawa suka hana katako a tsakiyar gari aka koma bulo.

Amma inda kamannin ya fi fitowa shi ne fuskar ginin. Wannan adon da kake gani can sama kamar sassaƙen dutse, sau tari fa kwano ne aka buga masa zane aka shafa fenti! Kamfanonin 'yan gidan Mesker, ɗaya a St. Louis ɗaya a Evansville ta jihar Indiyana, daga shekarun 1880 zuwa farkon 1900 katalog suke rabawa, ɗan kasuwa ya zaɓi fuskar da ta yi masa, a loda ta a jirgin ƙasa gunduwa-gunduwa kafinta ya haɗa masa. Ka ga kenan garuruwa biyu da ba su san juna ba sai su tashi da fuska ɗaya. Ginshiƙan ƙarfe kuwa su suka ba da damar sa manyan gilasai don baje kaya, ni a ganina dabarar da ta fi ita ce shigar da ƙofa ɗan ciki, mai wucewa ya fake wa ruwa idonsa na kan kaya.

Bayan yaƙin duniya na 2 da yawa daga fuskokin nan an lulluɓe su da alminiyom wai zamani, daga baya shirin Main Street na 1980, mai farfaɗo da tsofaffin titunan kasuwa, ya ƙarfafa a cire a gyara na asali. In ka samu zuwa duba gindin ginshiƙin ƙofa, galibi akwai sunan kamfanin da ya ƙera da garinsu a jiki.