Amsa ga mai neman inda za ta kai yara a Kano lokacin dogon hutu

Assalamu alaikum 'yar'uwa. Kin ce kun dawo Kano da zama bara, kina da yara huɗu, babban yana da shekara 12, ƙaramar kuma 4, ga dogon hutu ya kama, kuma kina neman wuraren da za ki kai su su sha iska su kuma ƙaru da wani abu ba tare da an kashe kuɗi mai yawa ba. Ni uba ne mai 'ya'ya biyar, kuma na yi shekaru ina fita da su a irin wannan hutu, saboda haka zan faɗa miki abin da na gani da idona, har da kuskuren da na tafka tun farko.

Shekarar da na fara, sai na ɗebi yaran gaba ɗaya na ce a yini guda za mu ga Gidan Makama, mu ratsa Kasuwar Kurmi, mu hau Dala, sannan mu ƙare a gidan zoo. Ba mu bar gida ba sai wajen sha ɗaya na safe. Kafin mu fito daga Kurmi ƙaramin ya fara kuka, ta biyun ta ce takalminta yana cizon ta, ni kuma na nace sai an hau Dala tunda an riga an zo. Muna kaiwa sama hadari ya taso daga gabas, iska ta fara kaɗa mu, muka sauko a guje ina saɓe da yaro a kafaɗa, ruwa ya yi mana dukan tsiya kafin mu sami adaidaita sahu. Da na tambaye su da daddare abin da suka gani a gidan tarihi, babu wanda ya iya faɗin ko abu ɗaya. Tun daga ranar na kafa wa kaina doka cewa wuri ɗaya ake zuwa a rana ɗaya, a fita da sassafe, a dawo gida kafin azahar.

Dalilin fitar safe shi ne dogon hutunmu yana faɗowa ne a tsakiyar damina, daga ƙarshen Yuli zuwa farkon Satumba, kuma Agusta shi ne watan marka. Sau da yawa hadari yakan haɗu ne da yamma ko cikin dare, don haka wanda ya fita da ƙarfe takwas ya fi samun sararin sama, ga kuma sanyin gari, ga ƙura ta kwanta. Duk da haka kada ki fita babu lema da kayan canji na ƙaramar a cikin jaka, domin ruwan Agusta ba ya neman izini.

Ki fara da Gidan Makama, wanda ke kusa da fadar Sarki. Gini ne na ƙasa tun ƙarni na 15, kuma ana danganta shi da Muhammadu Rumfa, wanda ya zauna a cikinsa kafin ya hau sarautar Kano a 1463. Bayan Turawa sun ci Kano a 1903 sun yi amfani da gidan, daga baya aka mai da shi gidan adana kayan tarihi. Za ku ga tsofaffin ƙyauren ƙofofin gari, da kayan yaƙi na da, da kayan kiɗa, da hotunan sarakuna da na zamanin zuwan Turawa, da kuma yadda ake jera ɗakin amarya a gargajiyance. Kuɗin shiga bai taka kara ya karya ba, kuma akwai ma'aikatan da ke zagayawa da baƙi suna yi musu bayani. Ina ba ki shawara ki gaya wa wanda zai zagaya da ku tun a bakin ƙofa cewa saboda yara kika zo, domin ya rage tsawon bayani ya yawaita labari, idan kun gama kuma ki yi masa ɗan ihsani.

Abin da ya fi yi mini amfani a wannan gida shi ne shirin da nake yi tun daren jajibiri. Bayan sallar isha nakan zaunar da yaran in ba su labarin ganuwa, cewa Sarki Gijimasu ne ya fara gina ta a ƙarni na 12, sarakunan baya suka yi ta faɗaɗa ta, kuma a da idan dare ya yi akan rufe ƙofofi, wanda ya makara sai ya kwana a waje. Sannan in ba kowane yaro aiki guda: wannan ya nemo mini ƙyauren ƙofa ya dubi irin kaurinsa, waccan ta ƙirga kwanukan da ke ɗakin amarya, babban kuma ya rubuto sunayen sarakuna uku da ya ga hotonsu. Yaron da ya shiga gidan tarihi yana neman wani abu takamaimai ba ya gajiya da wuri, wanda kuwa aka ja shi kawai daga ɗaki zuwa ɗaki, minti goma ya isa ya fara tambayar yaushe za a tafi. Kada ki matsa sai an ga kowane ɗaki. Idan kika ga ƙaramar ta fara jan hijabinki, to lokacin fita ya yi, sauran a bar shi sai wani zuwan. Ki kuma guji ranar Juma'a da rana, domin unguwar takan cika maƙil saboda babban masallaci.

Rana ta biyu, bayan an huta kwana uku ko huɗu, ki kai su marinar Ƙofar Mata. A cikin duk wuraren da na kai 'ya'yana babu inda ya zauna musu a rai kamar nan, kuma ina ganin dalili shi ne a nan ana aiki ne a gabansu, ba a ajiye kaya a bayan gilashi ba. An kafa marinar tun 1498, kuma har yau akwai marina da ke rini da baba da toka a cikin ramuka masu zurfi. Yara za su ga yadda ake tsoma farin ƙyalle a ɗago shi, ya fito da ɗan kore-kore, sannan iska ta taɓa shi ya koma shuɗi a gaban idonsu, a sake tsomawa a sake ɗagowa har launin ya kama sosai. Ɗana na uku ya tambayi marinin me ya sa ba zai bar zanen a cikin ramin ya tafi ya dawo ba, mutumin ya yi dariya ya ce ai iska ce take yin rabin aikin, wanda kuwa gaskiya ne, domin sai shunin ya haɗu da iska yake kama zare. Akwai kuma masu bugu, waɗanda ke dukan rinannen zane da manyan itatuwa har ya yi sheƙi, kuma sautin bugun kaɗai yakan tsayar da yara su yi shiru suna kallo. Sai dai ki riƙe hannun ƙaramar gam tun daga shiga har fita, saboda ramukan a daidai ƙasa suke, wasu kuma cike da ruwan baba. Ki sa musu tufafin da ba za ki ji ciwo ba idan sun ɓaci. Yana da kyau ki gaisa da dattawan wurin kafin a ɗauki hoto, ki kuma sayi ko da ɗan ƙaramin ƙyalle ne, domin sana'arsu ce, ba wasan kwaikwayo suke yi wa baƙi ba.

Dutsen Dala kuwa, a ganina na manyan biyun ne, sai idan mahaifinsu ko wani kawunsu zai raka ku ya ɗauki ƙaramar. Akwai matakala, amma hawan yana da wuya ga ƙananan ƙafafu, kuma bayan ruwan sama akan sami santsi. Ku hau tun kafin rana ta yi zafi, kuma da zarar kin ga gabas ta yi baƙi ku sauko, domin kan dutse ba wurin tsayawa ba ne lokacin tsawa. Daga sama za su ga tsohon birni shimfiɗe a ƙarƙashinsu, su hango Goron Dutse, su nemo hasumiyoyin babban masallaci da kansu. A nan ne nakan ba su labarin Barbushe, jagoran mazauna Dala na da, da Tsumburbura, abin da suke bauta wa, in bayyana musu cewa haka mutanen wurin suke kafin zuwan Musulunci, wanda Wangarawa suka kawo wa fadar Kano a zamanin Sarki Yaji a ƙarni na 14. Na lura cewa idan uba ko uwa suka ba da wannan labari da bakinsu, yaro yakan fahimce shi a matsayin tarihi, ba ya rikicewa.

Gidan zoo na Audu Bako, wanda aka buɗe a farkon shekarun 1970, shi ne wurin ƙaramarki, saboda akwai inuwar bishiyoyi da filin da za ta yi gudu. Ki je a tsakiyar mako, ki shimfiɗa tabarma, ki hana su miƙa hannu ko abinci cikin keji, musamman na birai. Idan hutu bai ƙare ba kuma kuna da sauran ƙarfi, akwai Gidan Ɗan Hausa a Nassarawa, inda Hanns Vischer ya zauna, Baturen da ya buɗe makarantar boko a Kano a 1909, kuma babban naki zai so jin yadda aka fara irin karatun da yake yi yanzu.

Game da kuɗi, abin da ya fi cin aljihu a irin wannan fita ba kuɗin shiga ba ne, saye-sayen bakin hanya ne da kuɗin mota. Mu daga gida muke tafiya da guzurinmu: dafaffen ƙwai, dafaffiyar gyaɗa, masara, da zoɓo a gora, sai ruwan sha wadatacce. Nakan ba kowane yaro ɗan kuɗi kaɗan a hannunsa in ce abin da zai saya ke nan duk yinin, kuma wannan ya kashe mini rigimar "Baba saya mini" kusan gaba ɗaya. Idan kina da maƙwabciya mai yara sa'anninsu, ku haɗa kuɗi ku ɗauki shatar adaidaita sahu biyu, ku yi ciniki da masu su tun jajibiri su kai ku su kuma dawo da ku, hakan ya fi sauƙi a kan tsayawa a titi da yara takwas ana neman abin hawa. Ki rubuta lambar wayarki a 'yar takarda ki sa a aljihun kowanne daga cikin ƙananan, ki kuma nuna musu tun a bakin ƙofa inda za a haɗu idan wani ya ɓace wa sauran.

Da kun dawo gida, bayan an ci abinci an huta, ki ce kowa ya zana ko ya rubuta abu ɗaya da ya gani, ƙaramar kuma ta faɗa da baki ki rubuta mata. Mu a littafi guda muke tarawa, mai bango mai kauri, kuma shafin da suka fi buɗewa har yanzu shi ne wanda 'yata ta manna guntun ƙyallen da ta tsoma da hannunta a Ƙofar Mata, ta rubuta a ƙarƙashinsa cewa farcenta ya yi kwana huɗu yana shuɗi. Allah ya raya miki su, ya kai ku lafiya ya dawo da ku lafiya.