TAMBAYI MAI GYARA: Bawul ɗin sandar wankin gilashi yana ta ɗiga, a gyara ko a yar?

TAMBAYA: Salamu alaikum Malam, da fatan kana lafiya ya iyali. Ni ɗan Zariya ne amma ina zaune a Leeds ta ƙasar Ingila, sana'ata wankin tagogin gidaje da doguwar sandar nan mai burushi a kai wadda tiyo yake bi ta cikinta ruwa na fita ta sama. Akwai bawul a can cikin sandar kusa da burushi, in ka ja tiyon ya buɗe in ka sake ja ya rufe, wani mara suna ne na saya a intanet. To yanzu kusan sati uku in na rufe ba ya rufuwa duka sai ya yi ta ɗiga, wani lokacin kuma sai na ja sau huɗu sau biyar kafin ya amsa, ga famfon tura ruwa na cikin mota yana ta tashi yana mutuwa shi kaɗai, ruwan tankina na ƙarewa tun kafin la'asar. Dan Allah ya zan yi, in yar da shi ne?

AMSA: Wa'alaikumus salam ɗan'uwa, Allah ya sa wa nema albarka. Kar ka yar da shi tukuna, a irin abin da ka lissafa yawanci bawul ɗin lafiyarsa lau, wani abu ne ya shiga masa ko kuma jan da kake yi ne ba ya kaiwa gare shi.

Bari in ɗan yi wa sauran masu karatu bayani dan wasu ba su taɓa ganin abin ba. A Birtaniya tun da aka kafa dokar aiki a sama ta 2005 masu wankin taga da yawa suka rage hawa tsani suka koma wannan sanda, mutum yana tsaye a ƙasa yana wanke tagar bene hawa biyu ko uku. Ruwan da ake aiki da shi tatacce ne, an cire masa gishiri da alli da sauran sinadarai har na'urar gwaji ta nuna 000, shi ya sa in ya bushe a jikin gilashi ba ya barin tabo ba sai an goge ba. To ka ga ruwan da aka sha wahala kafin a tace shi, kuma tankin mota yana da iyakar abin da zai ɗauka, ai ɗigarsa a banza abin ciwo ne, amfanin bawul ɗin ke nan.

Cikin irin naka kamar biro mai dannawa yake, akwai sifirin akwai ƴan zobban roba guda biyu ko uku, su ne ke tare ruwan. Ƙwayar yashi guda ɗaya tak in ta zauna a kan zoben nan shikenan ɗiga ta fara. Kuma ku da ke tace ruwa kuna da wani abokin gaba da mutane ba sa lura da shi, ƴan ƙwayoyin resin ɗin nan masu kama da ƙwan kifi da ke cikin tulun tacewa suna tsotse sinadaran ruwa, in ragar da ke ƙasan bututun tulun ta tsage sai su riƙa silalowa su bi tiyo su zo su maƙale a bawul da hancin burushi. Fara duba nan. Cire burushin, tara ruwan a farin kofi ka duba gindinsa da kyau, in ka ga ƴan ƙwayoyi ruwan zuma to ka kama ɓarawon, kuma ko sabon bawul goma ka saya haka za su yi ta yi sai ka gyara tulun.

Sai ka zare bawul ɗin daga sandar, amma ka kashe famfo ka saki ruwan da ya taru a tiyo tukuna, dan ƙarfin ruwan irin famfunan nan yana kai psi 100, zai iya watsa maka a ido. Tura masa ruwa ta baya, wato daga inda ruwa ke fita zuwa inda yake shiga, kana yi kana buɗe shi kana rufewa da hannu, sau tari wannan kaɗai ya isa. In naka mai warwaruwa ne, kwance shi a kan farin ƙyalle ka ɗauki hoto da waya kafin ka taɓa komai dan sifirin ɗin in ya yi tsalle ya faɗa ƙarƙashin kujerar mota wallahi sai ka yini kana nema. Duba zobban, wanda ya baje ko ya tsage ko ya bushe kamar ƙanzo a canza shi da daidai girmansa, kar ka ce wannan ya kusa, kusa ba ta tare ruwa. Ka shafa musu giris na silikon ɗan kaɗan. Ina roƙonka kar ka sa basilin ko baƙin mai ko man feshin nan na kwance tsatsa, ranar farko za ka ji ya yi santsi ka ji daɗi, bayan kwana biyu robar ta kumbura ta lalace, ga maiƙon zai bi ruwa ya ɓata gilashin mutane. In kuwa irin wanda aka liƙe ne ba ya buɗuwa, kar ka sa masa filaya, in wankin baya bai yi ba sai a haƙura a sayi wani.

Maganar ja sau biyar kuma ni tiyon nake zargi. Tiyon cikin sanda siriri ne, milimita 8 ta waje 5 ta ciki, in na robar PVC ne mai laushi to miƙewa yake kamar danƙo, musamman in kana aiki da ruwan ɗumi ko sandar ta yi tsawo sosai, sai ka ja a ƙasa jan ya ƙare a hanya bai kai sama ba. Na robar da ake kira PU ya fi tauri, ba ya miƙewa haka. Ka kuma zazzage sandar, ƙasa da tsakuwa suna bin tiyo su shiga ciki su riƙe shi. Sannan inda tiyon ya haɗu da bawul, in bakin ya saki ka yanke kamar tsawon ɗan yatsa, tsoma sabon bakin a ruwan zafi ya yi laushi ka cusa, ka matse da kilif mai kunne ba da waya ko igiyar roba ba.

Famfon da ke tashi yana mutuwa shi kaɗai ba ciwo daban ba ne, shaida ce cewa ruwa na zurarewa wani wuri, ƙarfin ya sauka sai ya tashi ya cike. In ka tsayar da ɗigar kuma bai daina ba, to koma kan akwatin sarrafa famfon ka sake saita inda yake gane an rufe ruwa. In saitin ya yi ƙasa zai riƙa yankewa kana cikin aiki, in ya yi sama kuma sai ƙarfi ya taru ya fizge maka tiyo daga mahaɗa. Da shigowar sanyi ana sake saitin dan tiyo na ƙara tauri. Ka auna batir ɗinka ma, mai volt 12 ɗin nan in ya yi rauni akwatin rikicewa yake.

Abu ɗaya da garinku ya bambanta da namu, ƙanƙara. Ruwa in ya daskare yana ƙara girma da kusan kashi 9 cikin ɗari, ya ishe shi ya tsaga bawul ɗin roba, tsagar da ido ba zai gani ba. Daren da aka ce sanyi zai sauka ƙasa da sifiri bar bawul a buɗe ka tsiyaye ruwan, ko ka shiga da sandar cikin gida.

TAMBAYA: Malam barka da aiki. Ni a Kano nake, farantan sola nake wanke wa mutane musamman lokacin hunturu da ƙura ke rufe su, na samu irin sandar nan amma da ɗan famfo mai murɗawa a jikin tiyo, ruwan bohol nake ɗiba a jarka. Hannun famfon ya yi tauri ƙwarai kuma farin abu na taruwa a bakinsa.

AMSA: Barka kadai ƙanena, sana'a mai kyau ka kama kuma tana da gaba. Farin nan allin ruwa ne, irin wanda kake gani a gindin butar shayi, ruwan bohol da yawa yana da shi. Cire famfon ka jiƙa shi cikin ruwan khal ko ruwan lemon tsami na kamar awa ɗaya, ka ɗauraye sosai, ka ɗiga masa giris na silikon, zai saki. Kar ka danne hannun da ƙarfi yana cije, karyewa zai yi. Amma gaskiya abin da ya fi damuna ba famfon ba ne, allin da ya taru a bakinsa shi ne yake bushewa a kan farantin mai gida yana rage masa hasken da ya biya ka ka ƙara masa. Ka nemi ƴar na'urar gwajin ruwan nan ta TDS mai auna yawan sinadaran da suka narke a ruwa, kamar biro take, ka gwada ruwan unguwanni ka ga wanda ya fi sauƙi, in hali ya samu ka haɗa ƙaramar na'urar tace ruwa. Kafin nan ka bar ruwan ya kwana a jarka laka ta kwanta, ka sa ƴar raga a gaban famfon tura ruwa ka riƙa wanke ta duk sati. Kuma da sassafe ake wankin ko da yamma liƙis, ba a zuba ruwan sanyi a kan gilashin da ya sha ranar azahar, ga shi ruwan zai bushe kafin ka ɗauraye.

Dan girman Allah kuma ka riƙa ɗaga kai kafin ka ɗaga sanda. Ka san yadda wayoyin wuta suke ratsa saman gidaje a unguwanninmu, wasu ma manyan layi ne masu 11kV. Sandar alminiyom da ta kabon duk suna ɗaukar wuta, ta faiba ma in ta jiƙe ba abin amincewa ba ce, kuma babban layi ba sai ka taɓa shi ba, kusanta ma ta isa. Gidan da waya ta yi kusa da rufinsa ka ba su haƙuri ka wuce.

TAMBAYA: Ranka ya daɗe, maigidana ne ke wannan aikin, shi lanƙwasa tiyo kawai yake da hannu in zai tsayar da ruwa, ya ce bawul ɓata kuɗi ne. Da gaskiyarsa?

AMSA: Hajiya, yana tsayar da ruwan kam, tsofaffin hannu da yawa haka suke yi. Illar ita ce inda ake yawan lanƙwasawa nan tiyon ke fara tsagewa, kuma hannu ɗaya ya tafi riƙon tiyo alhali doguwar sanda hannu biyu take so. In ba ya son na cikin sanda, ya sa ƙaramin famfo mai murɗawa ya rataya a ɗamararsa, ba shi da tsada kuma babu sifirin a ciki balle ya lalace, sai dai ya ajiye na biyu a mota da kilif guda biyu ko uku saboda ranar da na farkon zai fara yoyo a tsakiyar aiki.