Nikel a Cikin Ƙarfe Marar Tsatsa: Amsoshin Likita

Tambaya: Likita, na sayi 'yan kunne aka ce na ƙarfe marar tsatsa ne, amma kwana biyu da sa su kunnena ya kama ƙaiƙayi, har yana tsattsafo da ruwa. Me ya jawo?

Amsa: Malama, alamun nan sun yi kama da rashin jituwar fata da nikel, wani nau'in ƙarfe da ake haɗawa da wasu ƙarafa. Ƙarfe marar tsatsa gami ne: baƙin ƙarfe aka haɗa da wani ƙarfe mai suna kromiyom, aƙalla kashi 10.5 cikin 100, kuma kromiyom ɗin ne ke yi masa wata siririyar fata da ke hana tsatsa. Nau'in da ya fi yawa, mai lamba 304, yana da kromiyom kashi 18 da nikel kashi 8. Mai lamba 316 nikel ɗinsa kashi 10 zuwa 14 ne. Sai dai ba yawan nikel ne abin dubawa ba, yawan wanda gumi ke narkarwa ya shiga fata ne. Shi ya sa Tarayyar Turai ta ƙayyade cewa abin da ake sawa a hujin kunne kada ya saki nikel fiye da maikrogiram 0.2 (maikrogiram kashi ɗaya ne cikin miliyan na giram) a kowane murabba'in santimita cikin mako. Sau da yawa arahar 'yan kunne wani ƙarfe ne daban aka shafa wa nikel. Ki cire su, ki koma na ƙarfen taitaniyom. Asibitin fata na tabbatar da matsalar ta hanyar manna filasta mai nikel a gadon baya na awa 48. In ta tabbata, jiki ba ya mantawa, sai dai kiyayewa.

Tambaya: Likita, girki a tukunyar ƙarfe marar tsatsa yana cutarwa?

Amsa: Ga yawancin mutane, a'a, Malam. Nikel na ɗan zubowa ne in abincin mai tsami ne, kamar tumatir ko lemon tsami, kuma ya daɗe a kan wuta. Sabuwar tukunya ta fi sakin nikel, abin na raguwa bayan an yi girki da ita sau da dama. Kada a bar miya mai tsami ta kwana a ciki. Gishiri kuma a zuba shi bayan ruwa ya tafasa, don in ya kwanta a gindin tukunya yana cin ta, ya bar ƙananan ramuka.

Tambaya: Yaya zan gane marar nikel?

Amsa: Duba bayan cokali ko gindin tukunya. In ka ga 18/8 ko 18/10, lamba ta biyu ita ce kason nikel cikin 100. Mai 18/0 kusan babu, kuma maganaɗisu na kama shi sosai, amma bai kai sauran jure tsatsa ba, sai a riƙa goge shi ya bushe bayan wanki.