An ɗinke min jijiya a hannu wata uku yatsuna basu dawo ba, ko ƙarancin jini ne?

Tambaya: Salam likita. Gilashin taga ne ya yanke ni a wuyan hannu, aka min aiki a asibiti aka ce an ɗinke jijiya. Yau wata uku kenan ƙaramin yatsana da rabin na kusa dashi a mace suke, wani lokacin kuma inji kamar shokin. An ce jinina yayi ƙasa aka bani Fersolate amma na daina sha saboda yana hana ni bahaya, yanzu maltina da madara nake haɗawa. Surukata tace rashin jinin ne ya hana hannun warkewa. Dan Allah haka ne?

Amsa: Wa'alaikumus salam ƴar'uwa, sannu, Allah ya ƙara sauƙi. Matsala biyu gareki kuma kowacce hanyarta daban.

Daga yatsun da kika faɗa, jijiyar da ake kira ulna ce ta yanke, ita ke kai ji ga ƙaramin yatsa da rabin na kusa dashi, ita ke motsa ƙananan tsokokin tafin hannu. Toh ɗinkin da aka miki rigar jijiyar kawai aka haɗa baki da baki. Zaren dake ciki, duk ɓangaren da ya rabu da tushensa mutuwa yake yi jiki ya share shi, wani likitan Ingila Augustus Waller ne ya fara bayanin haka a 1850 bayan gwajin da yayi a kan kwaɗi. Sai sabon zare ya tsiro daga wajen yankan yana bin tsohuwar hanyar kamar yaɗon kabewa a jikin danga, kusan milimita 1 a rana, wato wajen inci ɗaya a wata. Daga wuyan hannu zuwa kan ƙaramin yatsa akwai kusan santimita 15, ga makonnin farko da ko tsirowar bata fara sosai ba, kinga lissafin ya kai wata biyar zuwa shida kafin ji ya fara isa can, kyautatuwarsa kuma tana iya ɗaukar shekara ɗaya har biyu. Dan haka wata uku baki makara ba sam.

Shokin ɗin nan ma ni daɗi naji da kika faɗe shi. Ki sa yatsa ki riƙa ɗan ƙwanƙwasa hannun a hankali daga tabon zuwa wajen yatsu, wuri mafi nisa daga tabon da kikaji zirr nan sabon zaren ya iso. Ki ɗiga biro a wurin ki auna daga tabon ki rubuta, bayan wata ɗaya ki sake. Jules Tinel ɗan Faransa ne ya bayyana wannan alama a 1915 a jikin sojojin da suka ji rauni a yaƙin duniya na ɗaya kuma har gobe da ita muke aiki. In wurin yana matsawa gaba alhamdulillah. In kuwa wata biyu uku yana nan cik a kan tabon, ki koma wajen wanda ya miki aikin kar ki tsaya jira, saboda tsokar da ta rasa jijiya in ta wuce wata 12 zuwa 18 ko jijiyar ta iso daga baya da wuya ta amsa. Akwai abin yi in an zo da wuri, ana ciro wata jijiya daga bayan ƙafa a yi gada da ita, ko a karkato reshen wata lafiyayya a jona. Masu bincike a Alberta ta Kanada, su Tessa Gordon, sun nuna cewa saka wa jijiya ƴar wutar lantarki na awa ɗaya lokacin aiki yana gaggauta tsirowar, amma da na'ura ta musamman ake yi a ɗakin tiyata, kar wani ya ruɗe ki da injin tausa na kasuwa.

Abinda yafi damuna dake shine kicin. Yatsan da baya ji zai kwanta a gefen tukunya mai zafi ya ƙone baki sani ba sai kin ga bororo. Ki riƙa duba shi kullum, ki taɓa ruwan wanka da ɗaya hannun tukunna, kuma kar ki yi wasa da zuwa gashi wajen ƴan fisiyo dan kar yatsun su ƙage su lanƙwashe.

Maganar surukarki kuwa, ƙarancin ayon, wato sinadarin ƙarfe da jiki ke haɗa jini dashi wanda ƙwayar Fersolate ke ƙarawa, ba shi ya tsayar da jijiyar ba, kuma ko jininki ya cika taf bazata ƙara gudu ba. Wanda rashinsa ke lalata jijiya kai tsaye bitamin B12 ne, shima a gwada ba laifi. Amma fa ƙarancin jini ciwo ne mai zaman kansa, ga kasala ga jiri ga haki, dole a magance shi. Mace mara ciki in awon himogulobin ɗinta, wato sinadarin da ke ɗaukar iska a cikin jini, ya gaza 12 Hukumar Lafiya ta Duniya tace tana da ƙarancin jini, gwajin feritin kuma shi ke nuna ko ma'ajiyar ayon ce ta ƙare. Maltina da madara wallahi ba ayon ɗin kirki a ciki, madarar ma rage tsotsarsa take yi, haka shayi.

Ga labari mai daɗi game da ƙwayar da kika ajiye. Binciken da aka yi a Zurich ta Suwizalan aka wallafa a 2015 da 2017 ya nuna cewa in mutum ya sha ayon, hantarsa tana sakin wani sinadari mai suna hefsidin da ke rufe ƙofar tsotsa a hanji na kusan kwana guda, dan haka sha sau uku a rana yawanci wahalar ciki kawai yake ƙarawa. Matan da suka sha yau suka tsallake gobe sun fi tsotsar kaso mai yawa daga kowace ƙwaya. Kiyi magana da likitanki a maida ke ƙwaya ɗaya a rana ko kwana ɗaya bayan ɗaya, da safe da ruwa ko lemon zaƙi, shayi sai bayan awa ɗaya ko biyu. Bahaya zaiyi baƙi wannan ba komai bane. A sake awo bayan sati uku zuwa huɗu, in jini ya dawo daidai ki ci gaba wata uku dan ma'ajiyar ta cika. In cikinki ya ƙi ɗauka duk da haka akwai na ƙarin ruwa da ake sawa ta jijiyar jini, an ma gwada shi a kan masu ciki a Kano da Legas.

Sannan a nemo ta ina jinin ke zuba. Al'adarki tana yawa ko da gudaji? An duba tsutsar ciki? Kuma in kina shan diclofenac ko ibuprofen daga kemis saboda zogin hannun ki faɗa wa likita, suna iya cin ciki ya riƙa tsiyayar jini a ɓoye, kuma dama basu cika yiwa zogin jijiya aiki ba, shi maganinsa daban ne sai an rubuta miki.