Me ya sa ake yi wa rola tumbi?

Ka ce ka ɗora ma'auni a kan rolar injin murza ƙarfe da aka dawo da ita daga wajen gurza, ka tarar tsakiyarta ta fi bakunanta kauri, kana tambaya ko mai gurzar ne hannunsa ya goce. Bai goce ba, ɗana. Da gangan ya bar mata wannan tumbin, da ma ya kawo ta miƙe sambal da na mayar masa da abarsa.

Rola ba ta da madogara sai a bakunanta biyu, inda boris ya riƙe wuyanta. Ƙarfen da ake murzawa kuwa ta tsakiya yake bi, yana ture rolar sama da ta ƙasa da ƙarfin da kan haura tan 1,000 a manyan injina. Ɗora katako a kan duwatsu biyu ka hau tsakiyarsa, za ka ga ya lotsa. Ita ma haka take yi. Ido ba ya ganin lanƙwasar, don sau da yawa ko rabin milimita ba ta kai ba, amma ta isa ta sa ratar da ke tsakanin rololin ta fi buɗewa a tsakiya. Sai falle ya fito da kauri a ciki, gefuna sirara. Gefen da ya fi shan matsa shi ya fi tsawo, ga shi manne da tsakiya ba shi da wurin zuwa, sai ya tattare ya yi tudu da kwari. Ita kuma tsakiyar ana janta, in ƙarfen mai gautsi ne sai ta tsattsage. Tumbin nan shi ke cike lotsawar: nauyi na hawa, fuskar rola ta koma daidai.

In tumbin ya yi yawa kuma, abin ya juye. Tsakiya ta tattare, gefuna su sha ja har su dare.

Inda masu koyo suka fi ruɗewa shi ne zafi. Ƙarfe kan fito daga tanda da zafin wajen digiri 1,200, kuma tsakiyar rola ce ke shan wutarsa, bakuna na hutawa. Kowane digiri ɗaya yana ƙara wa mita guda ta ƙarfe kamar maikiron 12 (maikiron 1,000 ne milimita ɗaya). Yi lissafi: rola mai kaurin milimita 600, tsakiyarta ta fi baki zafi da digiri 30, ta kumbura da kusan milimita 0.2 ke nan, tumbin da ba kai ka yi ba. Shi ya sa wasu rololin murzar zafi ake gurza su da ɗan kwari a tsakiya, shi ya sa kuma nake maka faɗa in bututun feshin ruwa ɗaya ya toshe ka ƙyale. Siffar da ka auna da sanyi ba ita ce siffar da ke aiki ba.

Kaurin rolar ma da nasa. Siririya kaɗan take taɓa ƙarfe, don haka ba ta bukatar ƙarfi mai yawa kuma tana iya fitar da falle siriri, sai dai saurin lanƙwasa. Mai kauri ba ta lanƙwasa sosai, tana kuma cafkar ƙarfe da kyau, amma fuskarta kan baje a wurin matsa. Dalilin da ya sa ake jingina ƙanana da manya a bayansu ke nan, har wani injin murza da ake kira Sendzimir mai rola 20 yana da ƙananan biyu kacal masu taɓa falle, sauran duk tokara ne.

Karyewa kuwa, je ka dubi inda wuya ya haɗu da jiki. In kusurwar wurin kaifi gare ta, nauyi a nan yake taruwa, tsaga ta fara kamar silin gashi. Dole a zagaye ta, a goge ta sumul. Gobe kafin a ɗaura wannan rolar, share maikon wuyanta ka haska fitila, ka bi da farce. In ya maƙale a wani wuri, kira ni.